Awarwaron Albasa: Kwana Huɗu a Alelu

Da hantsi muka bar Sakkwato, ranar wata Talata cikin watan Maris, sanyi ya tattara ya tafi, bazara ta fara nuna hali. Mun wuce Boɗinga da Shagari, mun bar Tambuwal a baya, sai dattijuwar da ke kusa da ni a mota ta gyara mayafi ta ce, “To, mun shigo ƙasar albasa.” Hancina ya riga ta ba ni labari. Wari ne mai kauri yake shigowa ta taga, ya cakuɗe da ƙura da hayaƙin manyan motoci, ya zauna a tufafi. Ko da muka shiga Aliero sai ido ya karɓi aiki daga hanci. Dama da hagun titi duk albasa ce. Ga wadda aka zube tsibi-tsibi tana ƙyalli ja-ja cikin rana, ga wadda aka ɗura a buhu har ya yi tozo aka ɗinke bakinsa da igiya, ga kuma wadda 'yan dako ke lodawa a tirela, biyu suna cicciɓa, na uku yana tara baya.

Ni Bakanuwa ce, kuma sanin da na yi wa albasa bai wuce kasuwar Yankaba da wuƙar madafina ba. Ƙawata da muka yi makaranta tare aure ya kai ta Alelu, cikin ƙaramar hukumar Jega ta Jihar Kebbi. Ta haihu, aiki ya hana ni zuwa suna, na ce ko da an sha suna zan zo barka. Allah ya sa zuwan nawa ya faɗo daidai da kakar albasa.

Ƙasa mai tsohon ciniki

Baƙon da ya ga hada-hadar wannan yanki zai iya zaton sabon abu ne, alhali ciniki a nan ya tsufa. Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tana cikin wannan ƙasa, kuma harin da dakarun Gobir suka kai mata yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa Jega, kasuwarta ta bunƙasa a ƙarni na 19 har fatake daga Nupe da ƙasar Yarbawa suka riƙa sauka a cikinta. Har gobe Jega mararraba ce: hanya ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya ta koma Sakkwato, ɗaya ta gangara kudu ta Maiyama da Koko da Yawuri zuwa Kwantagora. Ta wannan ta kudun tirelolin albasa ke bi har su kai kasuwar Mile 12 a Legas.

Aliero kuwa da abu uku aka san ta: albasa, da ɗorin karaya na gargajiya wanda ake kawo majinyata daga nesa dominsa, da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006, zamanin gwamna Muhammad Adamu Aliero. Amma albasar da ake kira ta Aliero ba Aliero kaɗai ke noma ta ba. Fadamun Jega da na Maiyama da ƙauyukansu duk suna zuba tasu a cikin wannan suna, kamar yadda ƙananan rafuka ke zuba ruwa a gulbi.

A fadama

Washegari da sassafe maigidan ƙawata ya ce in bi yara mu je in ga gona kafin rana ta yi zafi. Na tarar ana cira. Ganyen ya kwanta ya yi ruwan ƙasa, alamar albasa ta nuna, an kuma yanke mata ruwa kwanaki kafin nan don wuyanta ya bushe. Maigidan ya nuna mini inda ya yi renon iri bayan damina ta ja baya, da yadda aka yi dashe cikin sanyi a ƙananan fangali, da rijiyar da aka haƙa da bututu, injin ban ruwa na zaune a bakinta. Ya ce mahaifinsa da jigo ya yi wannan aiki, guga bayan guga. Yanzu inji ya ɗauke wahalar kafaɗa ya mai da ita ta aljihu, don kowane ban ruwa sai an sayi fetur.

Na ɗauki guda ɗaya na juya ta a hannuna. Tauri gare ta kamar dutse, ɓawonta ja mai ratsin shunayya, yana ƙara kamar takarda. Na ce, “Malam, ai ku kun more, wannan dukiya haka.”

Ya yi murmushi ya ce, “Hajiya, dukiya ce mai ƙahwa. In ba ka sai da ta ba, ita ta sai da kai.”

Sai ya kai ni wurin rudu, rumfar ajiya da aka yi da itace da kara, aka ɗaga ta daga ƙasa, aka rufa mata ciyawa don iska ta riƙa ratsawa. Nan duk lissafin manomin albasa yake. A lokacin kaka kowa ya cire tasa a tare, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Wanda ya iya riƙe tasa har ƙarshen damina zuwa farkon sanyi shi ke ganin kuɗi. Amma albasa kusan kashi 89 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Tana rama a ajiya, tana tsiro, kuma in danshin damina ya shige ta, ɗaya ta ruɓe sai ta ja maƙwabtanta. Duk bayan 'yan kwanaki sai an shiga rudu an tsince. Ga bashin taki da na fetur da ba ya jiran farashi ya tashi, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ke sayarwa dillali tun a gona, ribar jira ta tafi ga mai jari.

Mu da ke birni ba mu tuna da waɗannan mutane sai ranar da albasa ta yi wuya. Mun tuna da su a ƙarshen 2020, lokacin da ta yi tsadar da matan Legas da na Kano suka riƙa raba guda ɗaya gida biyu. An sake tunawa da su a watan Yunin 2021, da ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ta ƙasa ta dakatar da kai kaya kudu saboda asarar da 'ya'yanta suka yi a rikice-rikice, ciki har da na kasuwar Shasha a Ibadan cikin Fabrairun shekarar. Da kaya suka dawo kasuwa, sai aka koma mantuwa.

Hira a tsakar gida

Da la'asar na tarar da Inna, surukar ƙawata, zaune a kan tabarma tana kirɓa lawashi a turmi. Ganyen albasa ne, ta daka shi, ta dunƙula, ta jera a rana. Wannan shi ne gabu, wanda ake jefawa a miya lokacin da ɗanyar albasa ta yi tsada ko ta ɓace. Na daɗe ina kallonta. Tun kafin masana su fara maganar sarrafa amfanin gona, tsofaffin matan ƙasar nan sun gano yadda za su hana ko ganyen albasa salwanta.

A gefenta akwai kwando cike da albasar da aka ware: wadda fartanya ta sara, da wadda ta yi tagwaye, da manya-manyan da wuyansu bai rufe ba. Dillali ba ya son su, rudu ma ba ya riƙe su. Na tambaye ta me za a yi da su.

“Mi za a yi da su, ɗiyata? A yi miya, a ba maƙwabta, saura awaki su samu.”

A nan na tuna da wani abu da na gani shekarun baya, lokacin da na yi zaman karatu a Ingila. A gidajen cin abinci na can, da na Amurka, albasa kan zo a faranti ita kaɗai, a matsayin abin ci mai zaman kansa. Ana yanka ta zobe-zobe, a tsoma a ƙullu, a soya a mai har ta yi ƙaras-ƙaras. Tsohon girki ne a wurinsu, don akwai irinsa a littafin girke-girke da wani Bature mai suna John Mollard ya wallafa a Landan a 1802. A wurinmu kuwa albasa kullum 'yar rakiya ce. Ita ke raka tsire, ita ke raka ƙosai, ita ke buɗe miya, amma ba a taɓa ba ta faranti nata ba.

Na ba Inna labari, har na kai inda ya sa ban taɓa cin na can ba sai na tambaya: da yawansu da giya ake dama ƙullun.

Ta ajiye taɓarya. “A'uzu billahi! Giya cikin abinci? Don mi?”

Tambayar tata ita ce na taɓa yi wa kaina har na je na bincika. Masu girkin suna cewa giyar tana ƙonewa a wuta. Gaskiya ne sinadarin da ke bugarwa yana tafasa a maki 78 na ma'aunin zafi, kafin ruwa da sai ya kai 100, amma suya ta 'yan mintuna ba ta kore shi duka. Ko da ma tana korewa, Musulmi ba shi da hanyar sayen giya balle ya shigo da ita gidansa. Abin da ya fi amfani a sani shi ne aikin da take yi a ƙullun. Tana ɗauke da iska, irin wadda ke tashi in an buɗe lemon kwalba. Wannan iska ke shiga ƙullu ta yi ƙananan kumfa, in ya faɗa mai mai zafi sai kumfan su buɗe, ɓawon ya fito sakayau maimakon ya yi dauri.

Inna ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Ashe tashi suka nema. To ai mu tun kakanninmu ƙullunmu na tashi. Masa da mi taka tashi? Ƙosai ba bugu aka yi mai ba har shi sha iska?”

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Abin da wasu ke nema a kwalba, matanmu sun daɗe suna samun sa a ƙwarya: ta hanyar kwanan ƙullu, da bugu, da yis, da haɗa tsami da kanwa. Sauran duniya ma kowa da hanyarsa. Mutanen Japan da ruwan ƙanƙara suke dama ƙullun suyarsu, Indiyawa kuma da garin wani irin wake suke soya albasarsu, babu ɗigon giya a ciki. Ƙawata ta leƙo daga ɗaki da jaririya a kafaɗa ta ce, “To Bakanuwa, ga albasa ga kasko, magana ta ƙare.”

Kasko na farko, kasko na biyu

Muka zaɓi manya guda huɗu daga kwandon. Jikar Inna, budurwa 'yar shekara goma sha biyar da ke suyar awara a ƙofar gida, ta hura wuta a murhu ta ɗora kasko da man gyaɗa. Na yanke kai da gindi, na ɓare, na yanka ta a kwance, kaurin yatsa, sannan na tura da babban yatsa zobban suka rabu. Nan da nan hawaye suka zubo mini. Albasar wannan ƙasa tana da ƙarfi, domin tana ɗauke da sinadarin farar wuta mai yawa, shi ke tashi ya shiga ido in wuƙa ta fasa ta. Amurkawa sukan yi wannan suya da albasa mai zaƙi irin ta Vidalia a jihar Jojiya, wadda ƙasar da ake shuka ta ba ta da farar wuta sosai. Tamu ta fi yaji, ta kuma fi jure ajiya.

Yarinyar ta zura zobe ɗaya a hannu ta ce, “Anti, wannan ai awarwaro ne.” Sunan da ya bi shi ke nan a gidan.

Kaskon farko bai yi ba. Na dama fulawa da ruwa da gishiri, na tsoma zobban kai tsaye na jefa a mai. Ƙullun ya sulɓe ya koma gefe, albasar ta fito tsirara, abin da ya manne kuma ya sha mai ya yi laushi. Inna ta ɗauki ɗaya ta duba, ta ɓare wata siririyar fata mai santsi da ke cikin zoben ta nuna mini.

“Ga mai laihin nan. Kuma kin yi gaugawa, man bai yi zahi ba.”

Ita ta karɓi ragamar kasko na biyu, ni ina faɗin abin da na sani, ita tana gyarawa da abin da hannunta ya sani. Ta aika aka sayo nono mai tsami wurin Bafillatanar da ke zagayawa da la'asar. Muka cire wannan fata daga zobban, muka jiƙa su cikin nonon kamar rabin awa. Nono yana kwantar da yajin albasa, yana kuma ba gari wurin kamawa. Muka tsame su, muka birkita su a busasshiyar fulawa, muka kakkaɓe.

Ƙullun kuwa ga yadda muka haɗa shi: kofi ɗaya na fulawa, rabin kofi na garin shinkafa, gishiri, da ɗan garin barkono da citta. Shawarar garin shinkafa ta Inna ce, kuma ta yi daidai. Fulawa in ta sha ruwa ta sha juyi tana yin danƙo, shinkafa kuwa ba ta da wannan danƙo, ita ke sa ɓawo ya yi ƙaras. A Kebbi, ƙasar shinkafa, ba sai an je nesa neman sa ba. Muka zuba ragowar nonon da ruwan randa mai sanyi, muka juya sama-sama, ba mu damu da 'yan gudajin da suka rage ba. Kaurinsa ya ɗan fi na kunu, yana rufe bayan cokali yana ɗiga a hankali. A ƙarshe Inna ta ɗiga ruwan kanwa, bai kai cokali ɗaya ba. Ina kallo ƙullun ya yi ƙananan idanu, ya ɗan ɗago. Tsamin nono ne ya gamu da kanwa suka haifi iskar nan da ake nema a giya. Ta gargaɗe ni cewa in kanwa ta yi yawa abin zai yi ɗaci ya canza launi. Wadda ke birni za ta iya sa ƙaramin cokali ɗaya na bekin foda, ko ta dama da ruwan soda mai sanyi marar zaƙi, duk hanya ɗaya suke bi. Sharaɗin dai a soya nan take, kafin iskar ta fice.

Masu ma'auni suna cewa zafin mai ya kai maki 175 zuwa 180. Ma'aunin Inna ɗigon ƙullu ne: ta ɗiga, ya nutse, ya taso nan da nan yana tsuwa, ta ce a zuba. Zobe biyar ko shida kawai muke sawa a lokaci guda, don in kasko ya cika mai yakan huce. Minti biyu zuwa uku, a juya sau ɗaya, su yi ruwan zuma, a tsame da matsami a jera a kwando ba tare da an ɗora wani kan wani ba. Tun da zafinsu muka barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli.

Na gatsa na farko, ƙararsa ta kai kunnen ƙawata da ke bakin ƙofa. Ɓawon ya fashe, albasar ciki ta yi laushi ta yi zaƙi, yajin nan da ya sa ni hawaye ya tafi gaba ɗaya. Inna ta ci ɗaya a hankali, ta ci na biyu, sannan ta ce a ɗebi na maigida a rufe kafin yara su gama da shi.

Bayan sallar isha'i maigidan ya aiko a tambaya ko da saura. Da ya shigo sai hira ta koma kan albasa a addini. Ya tuna mana cewa an ambace ta a Suratul Baƙara, cikin abincin da Banu Isra'ila suka roƙa, kuma sunanta ma daga Larabci muka aro shi. Ya kawo hadisin da ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa zuwa masallaci saboda wari, da nasihar Sayyidina Umar cewa mai son cin su ya kashe warin da dahuwa. Ya ce to ga wata hanyar dahuwar an samu.

Hanyar komawa

Ba zan ce suyar awarwaro za ta magance asarar da ake yi a rudu ba. Wannan aiki ne na rumbunan zamani masu iska, da injinan busarwa da niƙa albasa ta zama gari, da bashi mai sauƙi da zai ba ƙaramin manomi damar jira. Jami'ar da ke Aliero tana zaune a tsakiyar gonakin nan, kuma babu wanda ya fi ta cancantar ya ja gaba. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga sun yi wa albasar Galmi suna har a kasuwannin Accra da Abidjan, mu ma muna da abin da za mu yi wa suna.

Amma kwandon nan na Inna ya koya mini cewa akwai rabon aikin da ke hannun mata a tsakar gida. Albasar da dillali ya ƙi, nonon Bafillatana, shinkafar fadama, man gyaɗa da yajin ƙuli, babu ko ɗaya da aka sayo daga wajen ƙasar Kebbi in ban da fulawa. Girkin da ya zo mana da sunan giya ya shiga gidan Musulmi da tsarkinsa, ya kuma fi dacewa da harshenmu.

Ranar Asabar da safe na yi sallama. Maigida ya sa aka ɗora mini rabin buhu a mota, Inna ta ƙulle mini gabu a leda ta ce in riƙa tunawa da ita in damina ta yi nisa. Jikarta ta raka ni har bakin hanya tana maimaita awon: kofi ɗaya, rabin kofi, kanwa kaɗan. Bayan mako biyu ƙawata ta kira ni a waya. Ta ce yarinyar ta ƙara kasko na biyu kusa da na awara, kuma tun kafin magariba kwandon awarwaro yake ƙarewa.